Dacewar Aikau da Aikatau a Jimlar Tambaya ta Turanci

“Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce, ina koyar da Turanci a aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makaranta da ke Tudun Wada, nan Kaduna. Yarana suna rubuta jimla irin ‘She goes to school’ ba tare da kuskure ba, amma da zarar na ce su mayar da ita tambaya sai in ga ‘Does she goes to school?’ ko ‘Do she go to school?’ a kusan kowane littafi. Ni kaina nakan tsaya ina wasiwasi tsakanin ‘Who is coming?’ da ‘Who are coming?’ idan na san masu zuwan suna da yawa. Mece ce ƙa'idar, kuma ta yaya zan koyar da ita har ta zauna musu?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya sa albarka a cikin aikin da kike yi. Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu kike nema. Na farko, ki san wace kalma ce a jimlar tambaya take sauya siffa domin ta dace da wanda ake magana a kansa. Na biyu, ki san dalilin da ya sa yaron da ya iya wannan dacewar a jimlar bayani yake rasa ta da zarar jimlar ta koma tambaya. Zan yi amfani da kalmomin da muka saba da su a nahawun Hausa, wato aikau ga mai yin aikin ko wanda ake ba da labarinsa, aikatau ga kalmar aiki, sai kuma tilo da jam'i.

Inda matsalar ta samo asali

Ya kamata mu fara da yi wa yaranmu adalci, domin dacewar aikau da abin da ke biye da shi ba baƙon abu ba ce a wurin Bahaushe. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai ce “Binta ya zo” ba, ba kuma zai ce “yara ta tafi” ba. Hausa tana rarrabe na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, har da an, tana kula da adadi tana kuma kula da jinsi. Abin da Turancin yau yake da shi a wannan fanni ɗan kaɗan ne: harafin “s” da ake liƙa wa aikatau idan ana maganar mutum ɗaya ko abu ɗaya a lokacin yanzu, sai “am”, “is”, “are”, “was” da “were”, sai “has” da “have”, sai “does” da “do”. Iyakarsa ke nan. Saboda haka yaronki ya zo aji da kunnen da ya saba da abin da ya fi wannan wuya.

Abin da bai saba da shi ba shi ne tsarin jerin kalmomin. A Hausa aikau ne yake fara fitowa, sannan 'yar kalmar nan da ke dacewa da shi, wadda masana nahawu suke kira zagin aikatau, ta biyo baya, kuma tambaya ba ta ruguza wannan jeri. Muna cewa “Yaran sun dawo”, idan za mu yi tambaya sai mu ɗaga murya mu ce “Yaran sun dawo?”, ko mu ƙara “shin” a farko. Ko a tambaya irin “Yaushe yaran suka dawo?”, inda “sun” ta koma “suka”, har yanzu “yaran” ne a gaba. Ma'ana, mai magana ya riga ya ji aikau da kunnensa kafin ya zaɓi kalmar da za ta dace da shi. Turanci kuwa yana juya abin: “Have the children come back?”, “Where are the children going?” Dole mai magana ya zaɓi “have” ko “has”, “are” ko “is”, tun bakinsa bai furta aikau ɗin ba. A ganina wannan shi ne tushen yawancin kurakuran da kike gani, domin yaron yana tsayawa a bakin jimla babu abin da zai jingina da shi, sai ya ɗauko wadda ta fi kusa da harshensa, galibi “is” ko “do”.

A nan Kaduna akwai ƙarin dalili. Turancin da yara da yawa suke ji a kasuwa, a tasha da cikin Keke Napep shi ne Buroka, wanda shi ma ba ya juya jerin kalmomi kuma ba ya sauya aikatau: “Where dem dey go?” Buroka harshe ne mai tsarinsa, ba na kushe shi, sai dai ba ya ba yaro abin koyi a wannan wuri. Dalili na uku yana cikin ajinmu. Mu malamai ne muke yin tambaya, yara suna amsawa, har yaro ya gama zango bai ƙera tambayar Turanci guda da bakinsa ba in ban da neman izinin fita. Wanda bai taɓa gina abu ba, ba abin mamaki ba ne ya kasa gina shi ranar jarrabawa.

Ƙa'idar kanta

A jimlar Turanci, alamar dacewa da alamar lokaci suna sauka ne a kan aikatau na farko kawai, kuma sau ɗaya tak. Idan za a yi tambaya, wannan aikatau na farko shi ne yake tsallakowa gaban aikau, ya taho da alamarsa. Idan jimlar tana da “is”, “are”, “was” ko “were”, su ne suke tsallakowa: “The market is open” ta koma “Is the market open?” Idan tana da mataimakin aikatau irin “has”, “have”, “will” ko “can”, shi ne yake tsallakowa: “The boys have eaten” ta koma “Have the boys eaten?” Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai aikatau guda irin “goes” ko “went”, to shi ba ya motsawa daga wurinsa, sai a kirawo “do” ta tsaya a gaba a madadinsa.

Yadda nake bayyana wa ɗalibaina wannan shi ne, “do” kamar ɗan dako ne a Kasuwar Bacci. Da zarar ya karɓi kayan ya ɗora a kansa, mai kayan yana tafiya ne hannu sake, kuma ba a taɓa ganin su biyu suna ɗauke da buhu guda a kai biyu ba. Harafin “s” na “goes” shi ne kayan. Idan “do” ta karɓe shi ta zama “does”, sai “goes” ta koma “go”, a sami “Does she go to school?” Haka abin yake ga lokacin da ya wuce: “She went” ta koma “Did she go?”, domin “did” ta riga ta ɗauke alamar lokacin, shi ya sa “Did she went?” kuskure ne. Su kuwa “can”, “will”, “must”, “should” da 'yan'uwansu ba sa sauya siffa ko da wane ne aikau, kuma aikatau da ke bayansu ba ya ɗaukar “s”: “Can she drive?”

Tarihin harshen yana ƙara haske a nan. A zamanin Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ana iya ɗauko aikatau ɗin kansa a kawo shi gaba, a yi tambaya da tsari irin “Goes she?” ko “Know you this man?” Cikin ƙarni na 16 da na 17 ne amfani da “do” a tambaya ya yi ta yaɗuwa har ya zama shi ne ƙa'ida. Wato tun asali kalmar da ke gaba ita ce mai ɗauke da alamar, abin da ya sauya kawai shi ne wace kalma ce take zuwa gaban.

Ina so ki lura cewa kurakurai biyun da kika kawo ba iri ɗaya ba ne, kuma bai kamata jan biro ya yi musu hukunci ɗaya ba. Yaron da ya rubuta “Does she goes” ya san “does” ce take tafiya da “she”, abin da ya rage masa shi ne ya saki “s” ɗin da aka sha wahalar koya masa a firamare, kuma yana riƙe da shi ne don tsoron kada a ce ya manta. Wannan yana dab da iyawa. Wanda ya rubuta “Do she go” ya gane cewa aikatau yana komawa ba alama, amma ya jefar da alamar gaba ɗaya maimakon ya miƙa ta gaba. Shi wannan sai an koma da shi kan “he does”, “she does”, “they do” tukuna.

Batun “who” da sauran kalmomin tambaya

Wasiwasin da kike yi yana da dalili mai ƙarfi, domin Hausa tana da “wa” tana kuma da “su wa”. Muna cewa “Wa ya zo?” idan muna tsammanin mutum ɗaya, mu ce “Su wa suka zo?” idan muna tsammanin jama'a. Turanci ba shi da wannan rabon. Idan “who” ita ce aikau, aikatau na tilo ne yake biye da ita ko da amsar za ta ƙunshi mutum ashirin: “Who is coming?”, “Who wants tea?”, “Who lives in that house?” Ki kuma lura cewa a irin wannan tambaya ba a kirawo “do”, domin aikau ɗin ya riga ya zo gaba da kansa, babu abin da za a juya. Idan kina so ki nuna cewa kin san suna da yawa, sai ki ambaci sunan jam'in, ki ce “Which teachers are coming?”

Za ki iya cewa, to ai muna jin “Who are those men?”, kuma daidai ce. Dalili shi ne a nan “those men” ne aikau, “who” tana tsaye ne a gurbin bayanin da ake nema. Hanyar ganewa, wadda ita ce dabarar da na fi dogara da ita a duk wannan babi, ita ce ki amsa tambayar da cikakkiyar jimla, ki duba wa ya zo farko. Amsar “Who are those men?” ita ce “Those men are drivers”, ga aikau jam'i a fili. Amsar “Who does she want to see?” ita ce “She wants to see the principal”, saboda haka “does” tana bin “she” ne, ba ruwanta da “who”.

Wannan dabarar ce take warware tarkon “how many” da “which”. A “How many trains leave Rigasa every day?” jiragen ne suke tashi, su ne aikau, don haka “leave”. A “Which road leads to Kawo?” hanya ɗaya ce aikau, don haka “leads”. Amma a “How many children does he have?” yara da yawa sukan rubuta “do” saboda idonsu ya faɗa kan “children”, alhali amsar ita ce “He has five children”, mai 'ya'yan ne aikau. Haka nan “What are the causes of the flood?” da “What is the cause of these delays?”, inda “causes” da “cause” suke yanke hukunci, ba kalmar ƙarshe ba.

Idan aikau ya yi tsawo, sai a nemo kansa, wato ainihin sunan da ake magana a kai a cikin jerin kalmomin. A “Has the price of tomatoes gone up?” farashi ne ya tashi, kuma Hausa tana taimakawa sosai a nan, domin duk yaron da kika tambaya zai ce “farashin tumatir ya tashi”. Haka “Is the list of candidates out?” da “Does one of your brothers work in Zaria?” Inda Hausa take iya ɓatar da yaro shi ne wurin mallaka. Mu muna sa abin da aka mallaka a gaba, mu ce “malamin yara” ko “littattafan malami”, Turanci kuwa yana sa shi a ƙarshe, don haka ake cewa “Where is the children's teacher?” amma “Where are the teacher's books?” Yaron da ya saba ɗaukar sunan farko a matsayin kai zai juya su biyun.

Akwai kuma sunayen da harsunan biyu suka saɓa wajen ƙirga su, kuma a waɗannan komawa Hausa ba ya fisshe mu. Mukan ce “kayan sun iso” da “kuɗin sun ƙare”, amma Turanci yana ɗaukar “luggage”, “furniture”, “equipment”, “information” da “money” a matsayin tilo: “Has the luggage arrived?”, “Is the money enough?” Kalmar “news” ma tilo ce duk da “s” ɗin da ke ƙarshenta: “Is the news true?” Wando da almakashi tilo ne a wurinmu, jam'i ne a wurinsu: “Where are my trousers?” Su kuwa “police”, “people” da “cattle” jam'i ne ko da yake ba su da “s”: “Have the police arrived?” Waɗannan haddace su ake yi a cikin jimla, a hankali, ba a rana ɗaya ba.

Tambaya cikin tambaya, da 'yar tambayar ƙarshen jimla

Wurare biyu suka rage, kuma su ne suke bin ɗalibanmu har jami'a da wurin neman aiki. Na farko shi ne idan aka saka tambaya a cikin wata jimla, kamar yadda ake yi don ladabi. A nan ɓangaren da ke ciki yana komawa tsarin jimlar bayani, “do” ta tafi, alamar ta dawo kan aikatau. Ana cewa “What time does the train leave?”, amma “Could you tell me what time the train leaves?” Ana cewa “Where are the children?”, amma “Do you know where the children are?” Ki duba yadda “s” ya dawo kan “leaves” da zarar “does” ta fita. Wannan misali yana tabbatar wa yara cewa alamar guda ce, wuri kawai take sauyawa.

Na biyu shi ne 'yar gajeriyar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen magana don neman tabbaci. Mu da “ko” ko “ko ba haka ba” muke gama komai, shi ya sa “isn't it” ta zama ta kowa da kowa a bakinmu, har manyan ma'aikata kan ce “You are coming tomorrow, isn't it?” A daidaitaccen Turanci dole ta maimaita mataimakin aikatau ɗin jimlar, ta kuma dace da aikau: “You are coming, aren't you?”, “She sells cloth, doesn't she?”, “The boys left early, didn't they?” Guda biyu sun fita daga layi, sai a riƙe su yadda suke: “I am late, aren't I?” da “Everybody has paid, haven't they?”, inda “everybody” take ɗaukar tilo a jimlar amma “they” a wutsiyar. Masu shirya jarrabawar WAEC, NECO da JAMB suna yawan kawo irin waɗannan.

Yadda nake koyar da shi

Ban cika farawa da allo ba. Nakan rubuta kalmomin jimla a kan gutsattsarin kwali, kowace kalma a nata, harafin “s” ma a nasa, in fito da yara gaban aji su jeru riƙe da su: “she”, “sell”, “s”, “cloth”. Sai in kira wani yaro mai riƙe da “do” ya tsaya a farkon layi, in tambayi aji ina mai “s” zai koma. Idan suka ga ɗan'uwansu ya bar gefen “sell” ya taka zuwa gefen “do”, abin yakan zauna fiye da bayanin baki, kuma wannan yana yiwuwa ko a aji mai cunkoso. Rubutun “does” da “goes” masu ƙarin “e” sai ya biyo daga baya.

Bayan haka sai in juya al'adar aji, ni in ba da amsa, su su nemo tambayar. In ce “My sister lives in Barnawa”, su ce “Where does your sister live?” In ce “My sisters live in Barnawa”, su sauya zuwa “do”. Amfanin wannan shi ne yaro ya ji aikau ɗin kafin ya fara, kamar yadda ya saba a Hausa, daga nan a hankali ya koyi riƙe shi a zuci. Nakan kuma dage kan gajeriyar amsa irin “Yes, she does” da “No, they haven't”, domin ita ce take nuna wa kunne wace kalma ce mai ɗauke da alamar. Wajen duba rubutu kuwa, kafin in gyara wa yaro komai, nakan ce ya ja layi a ƙarƙashin aikau, kuma sau da yawa da kansa yake ganin kuskuren kafin in yi magana. Ina kuma roƙon mu malamai mu kula da namu bakin, domin “Why you are late?” da “You have finished?” da muke faɗa cikin gaggawa suna shiga kunnen yara kowace safiya fiye da abin da muka rubuta a allo.

Iyakar abin da na faɗa

Ƙa'idar ba ta rufe kowace ƙofa ba. Sunayen taro irin “team”, “committee” da “government” suna iya ɗaukar jam'i a Turancin Ingila idan ana nufin mutanen da ke ciki, har ki ji “Are the team ready?”, alhali a Amurka tilo aka fi yi. Ni nakan ce wa ɗalibai su yi amfani da tilo idan ana maganar ƙungiyar a dunƙule. Haka nan za ki iya jin Bature ya ce “Who haven't handed in their books?” idan jam'in ya fito fili, ko “Where's my keys?” a hira, amma kada yaro ya kai waɗannan takardar jarrabawa. Tambayar da ta haɗa tilo da jam'i da “or”, irin “Is Audu or his brothers coming?”, ana bin sunan da ya fi kusa da aikatau, sai dai tana da nauyi a baki ko yaya aka yi ta, gara a sake gina ta a ce “Who is coming, Audu or his brothers?”

Sannan yawancin abin da na gina bayanina a kansa kwatanci ne da Hausa, domin da masu jin Hausa na fi aiki. Ajin Kaduna kuwa yakan haɗa Bagwari da Bajju da Atyap da Bafulatani da Bayarabe da Ibo, kuma kwatancen “su wa” ko “kayan sun iso” zai amfani wanda Hausa ta zauna masa ne kawai. Wasan kwali da dabarar amsa tambaya da cikakkiyar jimla su ne suke aiki ga kowa. Shawarata game da jeri ita ce, a aji ɗaya ki tsaya kan “is” da “are”, “has” da “have”, sai “do”, “does” da “did”, da aikau gajere, har sai yaran sun iya yin tambayar da baki ba tare da tsayawa ba. Batun “who”, dogon aikau da sunayen da ba a ƙirgawa ki kai su aji biyu, tambaya cikin tambaya da ta ƙarshen jimla kuma ki fara taɓa su a zango na uku na wannan ajin, malamin aji uku ya ƙarasa kafin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.